Daga Durumin Maigarke zuwa Wusasa: Bangaskiyar Kirista da Hidimar Jama'a a Zazzau

Birnin Zariya na cikin ganuwa gari ne na malamai da zaurukan karatu. Wanda ya shiga ta Ƙofar Doka ya nufi fada, ko ya ratsa Unguwar Juma da Kona da Kwarbai, kiran salla zai ji da muryoyin yara masu biya allo. Amma daga 1905 zuwa 1929, shekara ashirin da huɗu, akwai wani gida a Durumin Maigarke inda ake sujada da harshen Hausa ranar Lahadi, sauran kwanaki kuma ana wanke gyambo, ana ba da magani, ana koya wa yara karatun boko. Gidan ƙungiyar mishan ta CMS ne, mai gidan kuwa likita ne ɗan Ingila, Walter Miller. A wancan zamani Kano da Katsina da Sakkwato ba su bar mishan ya zauna cikin ganuwarsu ba. Shi ya sa duk mai son ya gane yadda bangaskiyar Kirista ke tura mai ita ga hidimar jama'a da faɗa da zalunci a ƙasar Hausa, a Zazzau ya kamata ya fara dubawa, domin a nan aka gwada abin tun da wuri, a nan kuma aka ga amfaninsa da aibinsa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, bangaskiyar ta haifar wa Arewa alheri mai ɗorewa a duk lokacin da mai ita ya tsaya a matsayin ɗan gari, ya yi wa kowa aiki, ya zauna inuwa ɗaya da maƙwabcinsa Musulmi. Ta bar tabo kuwa a lokacin da ta jingina da ƙarfin mai mulki, ta kuma ƙanƙance a lokacin da tsoro ya sa ta koma kare nata kaɗai.

A 1900 wata tawaga ta mutum biyar ta taso daga Legas ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, Miller na cikinsu, suka ratsa Zariya suka isa Kano. Sarki Alu Babba bai yi wata-wata ba, ya umarce su da su fice. Suka komo Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Bayan Turawa sun ci ƙasar, sun tuɓe Sarki Kwasau sun naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903, sai hanya ta buɗe wa Miller, ya shigo birni bayan shekara biyu. Dole a faɗi wannan tun farko, don shi ne tushen zargin da ya biyo baya: ƙofar da aka rufe wa mishan lokacin da sarakuna ke da ikonsu, bindigar Gwamna Lugga ce ta buɗe ta. Ko da yake Lugga ya yi wa sarakunan Musulmi alkawari ba zai taɓa addininsu ba, kuma gwamnonin da suka gaje shi da razdanoninsu sun fi son mishan ya tsaya a ƙasashen da ba na Musulmi ba, mutumin birni da ya ga Bature mai wa'azi da Bature mai karɓar haraji suna cin abinci tare ba shi da dalilin rarrabe su.

Me Miller ya zo da shi, ban da wa'azi? Abu na farko shi ne kallon da yake yi wa bawa. Ƙungiyar da ta aiko shi an kafa ta a 1799, kuma mutanen da suka kafa ta su ne abokan William Wilberforce, waɗanda suka matsa wa majalisar Ingila har ta haramta fataucin bayi a 1807. Bishop baƙar fata na farko da cocin Angilika ta naɗa, Samuel Ajayi Crowther, shi kansa bawa ne da aka ƙwato daga jirgin ruwa. Wannan gado ne Miller ya shigo da shi Zazzau, ƙasar da rumada suka yi yawa, kuma hare-haren kamun bayi a kudancinta ba su daɗe da tsayawa ba. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yantar da iyayensa ba, kuma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. A cikin wannan tsakani gidan Durumin Maigarke ya zama mafakar yaran da aka ƙwato, waɗanda ba su san hanyar garinsu ba. Aƙidar da ke bayan wannan ba ɓoyayyiya ba ce: Kirista ya gaskata cewa Allah ya halicci kowane mutum da daraja ɗaya, kuma a sura ta 25 ta Linjilar Matiyu Almasihu ya ɗaura hisabin mutum a kan yadda ya bi da mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku. Wanda ya ɗauki wannan da gaske ba zai iya wuce mai gyambo a bakin hanya ya ce ba ruwansa ba. Ɗakin shan magani daga nan ya fito. Makaranta ma daga aƙida ta fito, domin a tafarkin Furotesta kowane mai bi sai ya karanta Littafi Mai Tsarki da idonsa, cikin harshen da ya tsotsa. Wannan larura ce ta sa Miller ya shafe shekaru yana fassara, tare da Hausawan da ke kewaye da shi, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Sai dai a nan ne kuma aka ga ɗaya fuskar. Miller mutum ne mai zafin rai, wanda ba ya ganin abin da ya ɗauka zalunci ya yi shiru. Talakawa sukan kawo masa kuka a kan haraji da ƙwace da hukuncin son rai, shi kuma ya rubuta ya kai wa Razdan. Dangantakarsa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi ta yi tsami, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da suka taru har Turawa suka tuɓe sarkin a farkon shekarun 1920, suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. Ana iya karanta wannan a matsayin jarumtar mai addini da ya tsaya wa marasa gata, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a duba wanda aka kai ƙara da wanda aka kai wa. Aliyu malami ne, mawaƙi ne da har yau ake karanta waƙoƙinsa a jami'o'i, jikan gidan Mallawa, kuma a idon mutanen birni shi ne ragowar martabarsu a hannun baƙin da suka ci su da yaƙi. Alƙalin da Miller ya nufa kuwa shi ne wanda ya ƙwace ƙasar, shi ne ya ɗora harajin da ake kuka da shi. Talakan da aka yi dominsa bai zama mai magana ba, ya tsaya a matsayin wanda ake magana a kansa. Ga kuma raini da Miller bai ɓoye ba ga Musulunci da sarautar Fulani, ga ƙasidar da 'yar'uwarsa Ethel ta fitar a kan Manzon Allah, wadda ta ɓata ran Musulmi ƙwarai. Mai neman gyara da ya raina abin da mutane suka fi ƙauna ya riga ya toshe kunnuwan da yake so su saurare shi. Ko da Miller ya juya kan 'yan'uwansa Turawa a littafinsa na 1947, wanda sunansa tambaya ce ko sun gaza a Nijeriya, ya soki mulkin En'e da yadda Turawa suka rufe ido a kan ɓarnarsa, maganar ba ta samu karɓuwar da ta cancanta a cikin birni ba, don an riga an san bakin da ta fito.

Da labarin a nan ya tsaya, da sai a ce baƙo ne ya zo ya yi zamaninsa ya wuce. Abin da ya sauya shi wasu Hausawa ne da suka zo da ƙafarsu. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa wani matsayi da malaman fada ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa suka watsu wajen Ningi da gabashin Zazzau, ana kiran su Isawa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Miller a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suna noma suna karatu, sai ciwon barci ya faɗa musu, cikin 'yan shekaru ya kusa share garin. Waɗanda suka tsira, akasari yara, aka dawo da su birni. Da su, da 'yantattun bayi, da ɗaiɗaikun Fulani da Hausawan da suka karɓi baftisma, aka samu wata 'yar al'umma da ba za a iya ce mata baƙuwa ba. Hausa suke yi a gida da coci, riga da hula suke sawa, suna da kawunnai da gwaggwanni Musulmi. Da gwamnati da fada suka matsa a fitar da mishan daga ganuwa, aka ba su fili a Wusasa, gindin duwatsu kusa da Kufena, suka koma a 1929 ƙarƙashin jagorancin Guy Bullen. Cocin Saint Bartholomew da suka gina a can da ƙasa aka yi shi, da bakan gizo irin na sorayen birni. Wanda ya san Masallacin Juma'a na Babban Gwani, in ya shiga wannan coci zai gane cewa hannu ɗaya ne na gini, gadon gari ɗaya. Kusa da shi asibitin Saint Luke ya tashi, da makaranta, daga baya kuma kwalejin Saint Paul, wadda gwamnati ta karɓe a shekarun 1970 ta mai da ita Kwalejin Kufena.

Daga wannan 'yar unguwa ne mutumin da ya fi kowa bayyana hujjar wannan rubutu ya fito. Russell Aliyu Barau Dikko, Bafulatani, Kirista, an haife shi a 1912, ya yi karatu a hannun mishan, ya wuce King's College ta Legas, ya karanci likitanci a Birmingham, ya dawo a matsayin likitan zamani na farko ɗan Arewa. Yana da duk abin da zai sa ya ware kansa: ilimin da babu mai irinsa, albashin gwamnati, da addinin da ya bambanta shi da dangi. Bai ware ba. A 1948 yana cikin waɗanda suka tara 'yan boko a Zariya da Kaduna don tunanin makomar Arewa, kuma da aka yi babban taron kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a 1949, shi aka zaɓa shugaba. A duba waɗanda ke zaune tare da shi: Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Sa'adu Zungur masanin shari'a, Malam Aminu Kano, Maitama Sule. Waɗannan ba mutanen da ake ja da hanci ba ne, kuma ba su jahilci addininsu ba, amma suka ɗora Kirista a gaba. Abokan gabar da jam'iyyar ta ambata su ne jahilci da lalaci da zalunci, kusan abubuwan da Miller ya yi shekara arba'in yana kuka da su. Bambancin shi ne Dikko bai kai ƙarar 'yan'uwansa wurin Bature ba. Ya zauna da su, aka sa wa ciwon suna tare, aka nemi magani tare. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, dokar aikin gwamnati ta sa ya sauka, ya koma asibiti. Daga baya ya riƙe kwamishinan tarayya na ma'adinai da wutar lantarki a gwamnatin Gowon. Babban asibitin da ke tsakiyar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi, kuma dubban da ke kwana a layinsa ba sa tambayar wace alƙibla mai sunan ya fuskanta.

Ba shi kaɗai ba ne. Ishaya Audu, jinin Isawa, likitan yara, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, shekarun da jami'ar ta bunƙasa ta yaye ma'aikatan da suka riƙe jihohin Arewa. Ya tsaya wa Azikiwe mataimaki a zaɓen 1979, ya yi ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari, ya sha tsare bayan juyin mulkin 1983, da ya fito kuma ya koma Samaru yana duba marasa lafiya yana wa'azi. John Tafida, ɗan makarantar Miller, shi ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa. Adamu Baikie ya shugabanci jami'o'i uku, a Benin da Lesotho da Keffi. Sai Yakubu Gowon, ɗan mai bishara Ba'angashe da ya tashi a Wusasa. Ba za a wanke shi daga jinin da aka zubar da yunwar da ta kashe yara a yaƙin basasa ba, kuma masu kare shi ba su kyauta masa in suka yi kamar ba a yi ba. Amma a Janairun 1970, lokacin da duniya ke jiran ramuwar gayya, ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, bai kafa kotun rataye kowa ba. Bayan ya bar mulki da shekaru, ya bi ƙauyuka tare da cibiyar Jimmy Carter yana roƙon mutane su tace ruwa, yana matsa wa gwamnoni su haƙa rijiyoyi. Kurkunu, wanda ya kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ya ƙare a ƙasar.

Mai suka zai ce, kuma an daɗe ana faɗa a zaurukan birni, cewa asibiti da makarantar mishan tarko ne, magani da alli hatsin da ake watsa wa tsuntsu ne. Ba a amsa wannan da musu, domin 'yan mishan ba su taɓa ɓoye cewa burinsu mutane su karɓi bishara ba, kuma akwai yaran da aka raba da addinin iyayensu suna ƙanana, marayu da marasa galihu da ba su da bakin cewa a'a. Wannan laifi ne, kuma ya dace ikilisiya ta kira shi da sunansa. Amma in tarko ne kawai, to lissafinsa bai fita ba. Shekara ashirin da huɗu a cikin birni ba su samar da masu tuba da suka taka kara suka karya ba, kuma yawancin waɗanda suka kwanta a Saint Luke tun daga 1929 Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita. Ɗan kasuwa da ya ga irin wannan riba da tuni ya naɗe tabarmarsa. Abin da ya riƙe ma'aikatan jinyar nan shekara da shekaru shi ne imanin cewa jinyar kanta ibada ce, ko majinyaci ya saurari wa'azi ko ya juya baya. Haka aka gani a 1937 da mishan ɗin SIM ya karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, aikin da ba a rububinsa. Ƙa'idar da ta kamata a riƙe a yau a bayyane take: kada a ɗaura magani ko gurbin karatu ko buhun hatsi da sharaɗin sauya addini, ko daga wane ɓangare.

Wani kuma zai ce ba bangaskiya ce ta yi Dikko da Audu ba, boko ne, da sa'ar samunsa kafin kowa. Lalle boko ya ba su kayan aiki. Amma boko bai gaya wa mutum inda zai kai kayan ba, kuma Nijeriya cike take da masu digiri da suka mai da iliminsu tsanin wawure dukiyar jama'a, cikinsu har da masu zama a sahun gaba a coci. Abin da ya bambanta mutanen Wusasa na farko shi ne tarbiyyar da ta ɗauki aiki a matsayin kira daga Allah, wanda za a ba da lissafinsa. Kuma wannan tarbiyya ba a manya kaɗai ta tsaya ba. Zumuntar Mata, wadda kusan kowace ikilisiya mai sujada da Hausa ke da ita, ta koya wa matan karkara tara kuɗi da riƙe littafin lissafi da zaɓen shugabanni da tsayawa gaban taro su yi magana, tun kafin ƙungiyoyin sa-kai na zamani su zo da motocinsu. Baikon da ake tarawa ranar Lahadi shi ke biyan kuɗin makarantar maraya da jinyar gwauruwa. Mutumin da ya saba zaɓen dattawan ikilisiya da tambayar ma'aji inda kuɗi suka shiga, ba zai yi wuyar tambayar kansila ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta malaman birni, waɗanda za su ce: me Kirista ya kawo da ba mu da shi? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa sarakunan Haɓe tas a kan haraji na zalunci da cin hanci shekara ɗari kafin Miller ya taka ƙasar nan. Zakka da wakafi da ciyar da almajiri da karɓar baƙo sun girmi mishan. Sa'adu Zungur, wanda a Zariya ya fara tara matasa don neman gyara, daga Alƙur'ani ya ɗebo wutarsa, haka Malam Aminu Kano, haka Hajiya Gambo Sawaba ta Sabon Gari da ta sha ɗauri da duka saboda 'yancin mata da talakawa. Wannan duk gaskiya ne, kuma Kiristan da ya ɗauka shi ya kawo tausayi ƙasar Hausa bai san tarihin maƙwabtansa ba. Sai dai wannan suka ba ta rushe hujjar ba, ƙarfafa ta ta yi. Dalilin da ya sa Dikko ya iya shugabantar Zungur da Imam shi ne kowannensu ya zo da abin da addininsa ya hore masa na ƙin zalunci, suka tarar kalmar ɗaya ce a bakinsu. Ba a nemi wani ya ajiye imaninsa a bakin ƙofa ba. Wanda ke cewa a raba addini da harkar jama'a gaba ɗaya don a zauna lafiya, yana neman a cire wa mutanen nan abin da ya tashe su tsaye ne tun farko.

Abin da ya raunana wannan gado ba gardamar malamai ba ce, wuta ce. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci-coci da dama a Zariya, har Wusasa ba ta tsira ba. Mutanen da kakanninsu suka sha ruwan Kubanni suka wayi gari ana yi musu kallon baƙi. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 aka tayar da bam a babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari da cocin ECWA a Wusasa, da wani a Kaduna, kuma a ranar wasu matasan Kirista suka tare hanya a kudancin Kaduna suka kashe Musulmin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Tun daga 1987 harkar jama'a ta Kiristan Arewa ta karkata ga kare kai: ƙirga kujerun da aka ba mu, filin coci da aka hana mu, 'ya'yanmu mata da aka ɗauke, takardar shaidar ɗan ƙasa da ake ja wa Masihiyawa, wato Hausawa Kirista, rai a kanta. Waɗannan koke-koke ne na gaske, kuma Musulmin kirki bai kamata ya ji haushin jin su ba. Wanda aka ƙona wa ɗakin ibada yana da haƙƙin ya yi kuka, ya nemi shari'a. Amma in harkar ta tsaya a nan, ikilisiya ta zama ƙungiyar ƙabila mai neman kasonta, ɗan siyasa kuma ya san farashin irin wannan ƙungiya, yakan biya ranar zaɓe ya manta washegari. Annabi Irmiya ya umarci mutanensa, suna zaman bauta a Babila, su nemi alherin birnin da suke ciki. In an faɗa wa kamammu haka game da garin waɗanda suka kama su, ina ga wanda garin nasa ne tun kaka da kakanni?

Akwai waɗanda suka nuna cewa hanyar Dikko ba ta toshe ba ko bayan jini. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, amma a 1995 suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna, suka yi aiki a Yelwan Shendam da wasu wuraren da aka yi kisa. Bishop Josiah Idowu-Fearon ya karanci Musulunci har ya koyar da shi ga limaman coci, ya sha suka daga nasa mutanen a kan haka, daga baya ya shugabanci hukumar zaman lafiya ta Jihar Kaduna. Ma'aunin irin wannan aiki ba taron shan shayi da ɗaukar hoto ba ne, ranar da abin ya faɗa kan wanda ba naka ba ce. A Disambar 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky a Zariya, kwamitin binciken da gwamnatin jiha ta kafa ya tabbatar an binne gawa 347 a rami ɗaya. Ba sai mutum ya yarda da aƙidarsu ko ya ji daɗin yadda suke tare hanya ba kafin ya ce ran ɗan Adam ya fi haka. Kowane mai wa'azi a Zazzau, na coci da na masallaci, ya san abin da ya faɗa a wancan makon da abin da ya haɗiye.

Aikin da ke jira a cikin ganuwa da bayanta ba ya tambayar addini. Ruwan famfo da mutanen birni suka shekara da shekaru suna saye a jarka, yaran da ke yawo da roba a Tudun Wada da Kwangila, matasan da ƙwaya ta cinye, manoman Giwa da Birnin Gwari da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, mai naƙuda da ke mutuwa a hanyar asibitin Ƙofar Gayan, duk na kowa ne. Diyosis ɗin Angilika na Wusasa da na Katolika na Zariya da ECWA da Baftis suna da makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin mata da matasa da ke taruwa kowane mako, abin da jam'iyyun siyasa ba su da shi. Kira gare su shi ne su fito da wannan ƙarfi kan matsalolin gari, su nemi limamai da masu unguwanni da 'yan kasuwar birni a tafi gaban hukuma tare, da takarda ɗaya. Kira ga fadar Zazzau da malaman cikin ganuwa kuma shi ne su karɓi Masihiyawa a matsayin 'ya'yan gida, a ba su kujera a inda ake shawarar gari, a koya wa yaran makarantun Zariya sunan Barau Dikko tare da na Sa'adu Zungur da Gambo Sawaba.